Famfon Ƙofar Masallaci

Aikina a ma'aikatar ruwa shi ne shiga gidaje. Abin da aka ɗauke ni yi ke nan, kuma shi kaɗai ne aikin da babu namijin da zai iya yi a ofishin, komai tsawon karatunsa.

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, an raba ma'aikata da motoci da injuna kamar ana rabon gado. Matan da ke irin aikina kusan duk suka zauna a Sakkwato, don can mazajensu suke. Ni kuwa mijina ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kauran Namoda, saboda haka na faɗo cikin kason sabuwar jiha. Aka ajiye ni a ofishin shiyya na Kaura, wanda ke kula da ƙasar Shinkafi da ta Zurmi. Ɗakuna biyu ne da rumfar mota, da mota guda mai buɗaɗɗen baya wadda ba ta tashi sai an tura.

Yadda aka tsara aikin, ko yau ba zan ce da shi mummuna ba. Akwai masu awo, waɗanda ke zuwa da wayoyi da turakun ƙarfe su gano inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa. Akwai masu haƙa, su a Gusau suke da babban injin, kuma da rani kaɗai suke fita, don da damina motarsu ba ta iya ƙetare gulbi. Akwai masu yin daɓen siminti su ɗaura famfon tuƙa-tuƙa. Sai mu, masu wayar da kai, mu biyu: wani abokin aikina da ke zama da maza, da ni da ke shiga wurin mata. Sau da yawa masu awo kan sami ruwa a wuri fiye da ɗaya, to sai a bar wa gari zaɓi. Ƙa'idar ita ce ba a kafa turken da masu haƙa za su bi sai na shiga gidaje na fito. Dalilin bai da wuyar ganewa. Namiji ya san inda randa take, amma da wuya ya san yadda aka yi ta cika.

Abin da ke korar mu zuwa ƙauyuka a shekarun nan shi ne kurkunu. Wanda bai gan shi ba ba zai gane ba. Tsutsa ce doguwa, fara kamar zare, da ake sha cikin ruwan tafki. Ka sha bana, ba za ka ji komai ba, sai baɗi da faɗuwar damina, daidai lokacin da ake bukatar kowane hannu a gona, ƙafa ta yi ƙurji ta fashe, tsutsar ta leƙo. A naɗe ta a tsinke, a riƙa jan ta kaɗan-kaɗan, mutum yana kwance makonni. Idan ta tsinke a ciki, ƙafar kan kumbura, wani ma ba ya sake miƙe ta. Kafin gari ya sami rijiyar burtsatse, mukan raba wa mata ƙyallen tace ruwa, ma'aikatan lafiya kuma su riƙa zuwa suna zuba magani a tafki.

Wurin rabon ƙyallen nan na san wata mai daddawa. Ƙauyensu yana bayan Zurmi, idan an nufi Dauran sai a saki hanya a bi burtali. Tun daga zaure hanci ke gaya maka sana'ar gidan. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yar yarinya guda da gona 'yar madaidaiciya. Ta girme ni kaɗan, shi ya sa nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Malama. Ranar da na fara shiga na same ta zaune kan turmi, ta miƙe ƙafa guda, ƙwaurinta duk tabo, tsoho da sabo.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi takalmina, ta ce, "Malama, ke ma irin waɗanda ka zuwa su dubi ƙahwa su yi tsaki su wuce ta?"

Na ce, "Yaya, ni ko tsakin ban iya ba. Ruwa na zo yi miki magana."

"Tau, zauna. Ruwa kam mun san shi, shi ma ya san mu."

Daddawa sana'ar ruwa ce. A dafa kalwa, a surfa, a wanke, a sake wankewa har ɓawon ya fita. Saboda haka rabin yininta a bakin tafki take yi, tsaye cikin ruwa har ƙwauri. Can take sha, can take ɗibar na gida. Ta ce tun mutuwar mijinta babu daminar da kurkunu bai kwantar da ita ba, sai dai wata shekarar ya yi mata da sauƙi. Abin da take tsoro guda ne, ya fito mata a gwiwa. Ta ga yadda ya yi da wata maƙwabciyarta. Idan ƙafar ta sage, babu tafki, babu gona, babu daddawa, kuma babu wanda zai ci da su.

Da na gama nuna mata yadda ake ɗaure ƙyallen a bakin tulu, sai ta ja ni ta ƙofar baya tana ɗingishi. Bayan gari akwai wata tsamiya babba, inda mata ke sussuka da shiƙa. Kowane gida yana da 'yar hanyarsa ta baya da ke ɓullewa can, mace za ta je ta dawo ba ta haɗu da namiji ko ɗaya ba.

Ta ce, "In Allah ya sa kunka samu ruwa nan, ku sa muna nan."

Na ce mata ban san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba, amma abin da na sani shi ne ba a kafa turke sai na zo. Ba alkawarin banza na yi ba, ƙa'idar aikinmu na faɗa mata.

Shekarar da layi ya zo kan garinsu ita ce shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma ba na jin kunyar faɗa. Gidajen giyar da ke bayan tashar jirgi suka rufe, mazan unguwarmu suka koyi hanyar gida tun rana ba ta faɗi ba. Babu wanda ya zo ofis ya ce mace ta daina aiki. Babu malamin da ya faɗa, babu alƙalin da ya yanke. Abin da ya same mu shi ne shugaban ofishinmu mutum ne mai tsoron bakin mutane. Injiniya ne na gaske, ya san aikinsa, amma idan ganye ya motsa sai ya waiga.

Ranar da za a tafi awo na zo da jakata da hijabina, har na sa ƙafa a mota, sai aka ce shugaba yana kira.

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Mace guda cikin mota da maza, zuwa daji, a wannan yanayin? Wani ya gani ya kai magana Gusau, ni za a kira."

Na ce, "Yallaɓai, shekara nawa nake shiga motar nan? Yau ta zama haram?"

"Ban ce haram ba. Na ce yanayi."

Na ce to maigidana yana hutu, sai ya raka ni, ga muharrami ke nan. Ya ce motar gwamnati ba ta ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba. Na ce a haɗa ni da dattijuwar da ke share mana ofis, mu zama mata biyu. Ya ce ita aikinta bai shafi fita ba. 'Yan acaɓa kuwa sun riga sun daina ɗaukar mata, motar haya kuma ba ta shiga ƙauyen sai ranar kasuwa. Duk ƙofar da na taɓa sai na ji ta a kulle, kuma kowace da dalilinta mai kyau. Raina ya ɓaci matuƙa. Na gaya masa maganar da har yau ba na so in maimaita, ya yi kamar bai ji ba, ya ce abokin aikina zai tambayo mini ra'ayin matan. Ta bakin wa? Bai ce ba.

Suka tafi suka bar ni da dattijuwa mai shara. Na yini ina kallon bango.

Da suka dawo na tare abokin aikina tun bai sauko ba. Ya ce an sami ruwa wuri biyu, gindin tsamiya da ƙofar masallaci. An yi musu yadda ake yi wa baƙi a kowane gari: aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar masallaci bayan la'asar, dattawa suka kewaye su, aka tambaye su ina suke son ruwa. To, mutumin da ke zaune a ƙofar masallaci, wanda ya gama alwala da ragowar ruwan buta, me kake jin zai ce? Ga shi a shekarar masallaci ya cika maƙil, har waɗanda da sai Juma'a ake ganin su sun zama 'yan sahun gaba.

Na ce, "Matan fa?"

Ya sosa ƙeya, ya ce mai gari ya ce da yawunsu yake magana.

Na koma wurin shugaba na ce a tsayar, a bar ni in je kafin injin ya iso. Ya ce masu awo sun gama nasu sun miƙa wa masu haƙa, kuma aiki idan ya wuce daga wani sashe ba ya komowa baya. Injin guda ne ga ƙauyuka da yawa, rani kuma ba ya jira. Idan muka taɓa turken, garin zai rasa layinsa, sai wata shekarar. Gaskiya ya faɗa, wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Ranar kasuwa na shiga motar haya da kaina, tsakanin buhunan gero da akuyoyi. Mai gari ya karɓe ni da mutunci, dattijo ne mai sanyin magana. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayanin tsamiya da hanyoyin baya da matan da ba su da mai ɗebo musu. Ya saurara har na gama, yana jan carbi.

Sannan ya ce, "Malama, na ji batunki, kuma ba ƙarya kika yi ba. Amma turke ya riga ya shiga ƙasa, kowa ya gani. Yanzu wa ka tashi cikin garin ga shi ce a ɗauke ruwa daga ƙohwar ɗakin Allah? Ni? Ko ke?"

A shekarar nan babu wanda zai iya furta wannan maganar a bainar jama'a, ko da ya san ita ce daidai. Na shiga gidaje duk da haka. Matan da bara suka cika mini kunne, yanzu kowace sai ta rage murya ta ce ai masallaci ya fi cancanta. Mai daddawa tana tsugune tana hura wuta ƙarƙashin tukunya. Ta saurare ni ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Tau. Allah shi sa albarka."

Injin ya zo ya haƙa, ruwa ya fito garau, mai daɗi, mai yawa. Aka yi daɓe, aka ɗaura famfo, aka yi addu'a. An ce har rago aka yanka. A ofis kowa yana fara'a, don ba kullum ake samun rijiya irin wannan ba.

Abin da ya biyo baya babu wanda ya shirya shi. Inuwar ƙofar masallaci dama can mazaunin dattawa ce, daga hantsi har magariba. Da awaki suka fara ɓata wurin, sai aka ja 'yar katanga aka haɗe famfon da harabar masallaci, don tsarki. Babu wanda ya ce mata kada su zo. Ba a bukatar a faɗa. Wace mace ce mai hankali za ta ratsa tabarmin surukanta da ƙannen mijinta, ta tsaya gabansu tana sunkuyo tana miƙewa da hannun famfo? Gidan da ke da samari, su suka riƙa ɗebowa, randunansu suka cika da ruwa mai kyau. Gidan da babu, sai abin da maƙwabta suka tuna suka aiko, kuma da damina ta faɗi kowa ya nufi gona, tunawar ta yi wuya. 'Yar mai daddawa kuwa ko ta yi ɗage hannunta bai kai ƙarfen ba.

Ban san akwai sauran bugu ba sai da na je wurin mai kula da sito neman ƙyallen tacewa in aika musu. Ya ce wannan garin ai ya fita daga sahu. Duk garin da ya sami famfo ana lissafa shi cikin masu ruwa mai tsabta, ƙyallensa da maganin tafkinsa sai a mayar wa garuruwan da ba su samu ba. Na ce rabin matan garin daga tafki suke sha. Ya ce shi abin da aka gaya masa, garin yana da famfo, famfon kuma yana aiki. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na kwashe 'yan ragowar da ke jakata na ba direban motar kasuwa ya kai mata. Amma ƙyalle abu ne da ake wankewa kullum, ba ya shekara, kuma huda guda ta isa.

Sai da damina ta biyu ta zagayo sannan na sake taka garin. An turo mana wata ma'aikaciya, muka zama mata biyu, shugaba ya sami natsuwa ya bar mu shiga mota. Zagayen duba famfuna muka fita, mu ga wanda ke aiki da wanda ya lalace. Na wannan garin tun daga nesa muka ji ƙararsa. Mazan suka nufi masallaci, ni na bi ta bayan gari. Gindin tsamiya ciyawa ta rufe inda masu awo suka taɓa yin alama.

A zauren mai daddawa hancina bai ji komai ba. Tukwanen suna kife a jikin danga, murhun ya yi sanyi har kaza ta yi masa ƙwai. Na yi sallama, ta amsa daga ɗaki.

Tana kwance kan tabarma, ƙafar dama a lanƙwashe an tokare ta da matashi. A gwiwa ya fito. Ta ce tana cikin jan sa ya tsinke, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, ta yi ruwa, da ta sace kuma sai ta ƙi miƙewa. Mai magani ya gwada, an kai ta asibitin Zurmi a amalanke, sun ce jijiyar ta riga ta ƙage. Gonar ƙanin mijinta ya karɓa yana nomawa, abin da ya ga dama ya aiko. Ta rame har na ga ƙasusuwan wuyanta. Na zauna bakin tabarmar, hawaye suka zubo mini, ni da na zo da niyyar in ba ta haƙuri.

Ta ce, "Haba Malama, mi na na kuka? Ke kin yi naki."

Katanga biyu ce tsakanin ɗakinta da masallaci. Muna zaune ƙarar famfon tana shigowa, ƙarfe yana hawa yana sauka, ruwa yana zuba cikin bokiti.

Ta ce, "Kin ji shi? Tun asuba haka shi kai. Bai taɓa ɓaci ba ko sau guda. Aikinku ya yi kyau."

Na dube ta in ga ko gatse take yi. Ba gatse ba ne, kuma da shi ne da ya fi mini sauƙi.

Ana haka yarinyar ta shigo da ɗan tulu a ka, zanenta jiƙe har gwiwa, ƙafafunta duk laka. Ta ƙara tsawo, amma ba sosai ba. Ta sauke tulun da kyar, ta gaishe ni. Da yake an koya mata abin da ake yi wa baƙo, ba ta jira an ce ba, ta ɗauko kwanon sha ta tsiyaya ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Ruwan ja-ja ne, da 'yan abubuwa suna yawo a ciki. A bakin tulun akwai ƙyallena, wanda na aiko, an ɗaure shi da kyau yadda na koyar, tsakiyarsa kuwa a yage.

Uwar ta yunƙura ta ɗaga hannu. "Ke! Ba a ba baƙo wanga ruwa. Aje shi. Leƙa maƙwabta ki roƙo ma Malama na masallaci."

Yarinyar ta janye kwanon, kunya ta kama ta. Ta dubi ruwan, ta dubi tulun, ta ga ba a mayarwa kuma ba a zubarwa, ga ta da ƙishin hanya. Kafin in miƙa hannu ta kafa kai ta shanye, ta goge baki da bayan hannu, ta fita da kwanon a guje.

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Mai daddawa ta bi ƙofar da kallo, sannan ta koma ta kwanta a hankali, ta gyara matashin da ke ƙarƙashin gwiwarta.

Ta ce, "Zauna, Malama. Wanga kam sai baɗi a sani."